Curin da Gwaggo Ta Gyara

A Jidda babu kaka. Akwai zafi, akwai kuma zafin da ya ɗan yi sauƙi, iyakar abin ke nan. Amma mijina mutumin Japan ne, kuma a ƙasarsu, idan shinkafa ta nuna a gona, iska ta fara sanyi, akwai dare ɗaya da mutane ke fitowa su zauna su kalli farin wata. Ba jinjirin wata ba irin wanda muke nema da azumi, a'a, wanda ya cika ya yi bulbul. Ana yin wasu 'yan curi-curi na garin shinkafa, farare, suna kiransu dango, a jera guda goma sha biyar a faranti, a soka ciyawa mai dogon gashi a kwalba, a gasa dankali, a ci, a tashi. Tun da muka zo Jidda ba mu taɓa fashi ba. Muna hawa saman benenmu a unguwar Safa, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, gumi na bin bayanmu, mu yi kakar da babu ita.

Ni Bakatsiniya ce. Karatu ya kai ni Japan, a can na same shi a wani ƙaramin masallaci, ya riga ya musulunta, yana ta fama da Fatiha. Yadda aka yi iyayena suka yarda kuwa, wannan dogon labari ne, ba shi ya kawo ni ba. Kamfanin jiragen ruwan da yake wa aiki ya turo shi tashar Jidda duba kwantenonin sanyi, muka taho da 'yarmu tana goye. Ranar da ya fara kawo zancen wannan dare na ce masa, malam, ni dai ba a bautar wata a gidana. Ya ce shi ma ba ya bauta wa kowa sai Allah, kallo ne kawai da ci, kamar yadda na ba shi labarin muna wasa a dandali in wata ya yi haske. Na ce to, in dai ci ne ina ciki.

Shekarar da nake ba da labari 'yarmu tana da shekara huɗu, ni kuma na haifi namiji a tsakiyar zafi. Tiyata aka yi mini. Kwana biyu ya yi a cikin kwalbar jarirai, na gan shi sau ɗaya, daga kan keken marasa lafiya, ta bayan gilashi. Ranar Talata da hantsi ya koma. Ba laifin kowa ba ne, huhunsa ne bai gama ƙwari ba, kwanansa ke nan.

Ina kwance da ƙarin ruwa a hannu mijina ya ɗauke shi, shi da babban ɗan Gwaggona, suka kai shi. A nan mata ba sa bin gawa, a garinmu ma ba sa bi, saboda haka ban ga abin ƙorafi ba. Bayan La'asar ya dawo, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa, ya tsaya a ƙarshen gado, ya tambaye ni ko an ba ni maganin ciwo. Na ce an ba ni. Ya ce to. Shi ke nan fa. Bai ce ga inda aka sa shi ba, bai ce ga wanda ya yi masa salla ba, bai ce ko fuskarsa ya buɗe ya gani ba. Ni ban tambaya ba, shi bai faɗa ba, kwana ya zama mako, mako ya zama wata biyu.

Ba wai ya daina komai ba ne, wannan ma shi ya fi ci mini rai. Yana tashi da asuba, ya tafi aiki, ya dawo, ya cire takalmansa ya jera su suna kallon ƙofa kamar kullum. Ya kwance gadon jariri ya kai sito tun kafin a sallamo ni. Yana wanke kwanuka, yana yi wa yarinya wanka, yana ajiye mini magani a kan lokaci. Amma zancen yaron, ko uffan. Ni kuma ban yi kuka ba. Matan da suka zo gaisuwa suka yi ta yabon tawakkalina, masha Allah, masha Allah, ni kuwa na san ba tawakkali ba ne. Jikina ne gaba ɗaya ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko an mintsine ta ba ta ji.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Ta zo aikin Hajji tun ba a haife ni ba, ta yi aure, ta zauna a unguwar Aziziyya a nan Jidda, 'ya'yanta suna jin Hausa amma da Larabci suke ba ta amsa, tana zaginsu da harsunan biyu. Ranar da aka sallamo ni na tarar ta riga ni isa gida, da ƙullin kayanta da wata ƙatuwar tukunya. Ta ce jego jego ne, ko da ɗa ko babu. Safe da yamma ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya ta kai banɗaki, ta yi ta fyaɗa mini, tana kauce wa ɗinkin. Ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Da nono ya kawo, ita ta ɗaure mini ƙirji da zane, ta ja har sai da na kasa numfashi. Arba'in ta cika ba ta koma Aziziyya ba, ba kuma wanda ya ce ta koma.

Abu ɗaya ne ya rage mini da rai a jiki, shi ne haushin mijina. Ba irin haushin da ake faɗa a kansa ba, ni ƙarfin faɗa ma ba ni da shi. Kawai dai in na ji ƙarar makullinsa a ƙofa sai in juya fuska ga bango.

Iƙamata, wato takardar izinin zama, da ta yarinya a ƙarƙashinsa suke, shi ne kafilinmu, ba mu fita ƙasar sai ya yi mana biza a wayarsa. Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi na tsaya a bayansa. Da harshensu na Japan muke magana in abin na gaske ne, domin Hausarsa ta gaisuwa ce da cin abinci.

"Ina so in je Katsina da yarinya," na ce.

Ya gama ɗaura na dama, ya ɗaura na hagu.

"To. Wace iri zan yi muku? Ta fita da dawowa, ko ta fita gaba ɗaya?"

Wallahi kamar mai tambayata ko da sukari zan sha shayi. Na ce zan gaya masa. Ya ce mako mai zuwa ne daren kallon farin wata, yarinya ta dame shi da tambaya, ko zan bari a yi tukuna? Na ce a yi. A raina kuwa na riga na zaɓa, ta fita gaba ɗaya. Mutumin da zai binne ɗansa ya dawo ya jera takalma, ban ga abin da ya rage mini a gidansa ba.

Ranar ta faɗo Alhamis. Ya dawo da wuri, bayan Azahar, da leda biyu: garin shinkafa mai danƙo daga shagon 'yan Filifin, dankali, da ciyawar nan a naɗe cikin takarda daga wurin masu sayar da furanni. Gwaggo ba ta taɓa ganin abin ba, shekarun baya mu kaɗai muke yi. Ta warware takardar, ta ɗaga ciyawar sama, ta juya ta.

"Wannan kuma fa, ɗan nan? Gamba? Gamba ka je ka sayo a kanti?"

"Ado ne, Gwaggo," ya ce.

"Ado! Ya salam. A garinmu da ita ake zana, in ta yi yawa a cinna mata wuta. Da ka faɗa ai da an aiko maka da lodi guda."

Ya yi ɗan murmushin nan nasa na ladabi, ya sunkuyar da kai. Gwaggo tana sonsa, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba. Takan ce ba ta taɓa ganin surukin da ke gode wa mutum don ya zage shi ba.

Muka taru a kicin, ni a kan kujera kusa da firij, don har lokacin ba na iya doguwar tsayuwa. Yarinya ta hau kan bokitin da aka kife, tana ba Gwaggo labari, rabi Hausa rabi Larabcin makaranta, wai a cikin wata akwai zomo, yana da turmi da taɓarya, yana daka shinkafa, Abbanta ne ya nuna mata bara.

"Zomo da turmi," in ji Gwaggo. "To, Allah ya ba shi sa'a." Ta ci gaba da goge dankali, ba ta kalli kowa ba, ta ce, "Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa."

Mijina bai gane ba. Ni na gane sarai da wa take, na yi kamar ban ji ba.

Ya zuba gari a kwano, yana ɗiga ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan yana murzawa. Ma'auninsu shi ne sai kwaɓin ya yi laushin fatar kunne, kowace shekara sai ya sa yarinya ta taɓa kunnenta ta taɓa kwaɓin ta yanke hukunci. Ta taɓa, ta ce ya yi. Sai ya gutsuro, ya mulmula a tafin hannu, ya ɗan danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya ajiye.

Wannan dannawar tana da dalili, kuma na san shi. Tun shekarar farko na tambaye shi me ya sa yake ɓata curi bayan ya yi kyau. Ya ce a wurinsu, idan mutum ya mutu, ana yin irin wannan dango a ajiye a kusa da kan gawa, wai guzuri, kuma shi ne ake bari a mulmule sumul. Saboda haka na daren wata dole a danna shi, ko yaya, don kada ya yi kama da na mamaci. Ya ce shi ya bar zancen guzurin matattu tun da ya musulunta, amma hannunsa ba ya yarda ya bar curi ba danni, mahaifiyarsa ta sha buge masa hannu a kan haka yana yaro.

Ya yi huɗu. Ya gutsuro na biyar, ya fara mulmulawa, sai ya tsaya. Ya daɗe da shi a tafin hannu. Daga nan ya mayar da shi cikin kwano, ya je famfo ya yi ta wanke hannu kamar wanda ya taɓa kifi, ya ce bari ya je wurin mai gadi ya karɓo makullin sama. Karɓo makulli aikin minti biyar ne. Aka yi La'asar bai dawo ba. Na leƙa ta taga na hango shi zaune a cikin mota, ba ya komai. Na ce a raina, kin gani ko, ko wannan ɗan abin ma ba zai iya ƙarasa wa 'yarsa ba.

Kwaɓi ya fara bushewa, yarinya ta fara ƙunƙuni. Gwaggo ta jawo farantin ta duba huɗun da ya yi, ta riƙe haɓa.

"Dubi wannan don Allah, kamar wanda jaki ya taka. Mutanen da suke ƙera mota da jirgi, curi ya gagare su! Halas, ya isa, matso mini da kwanon nan."

Gwaggo ta yi shekaru tana sana'ar fura a Aziziyya, har daga Makka ake aiko saye. In dai curi ne, ba a gwada mata. Ta jiƙa hannu, ta haɗa nasa huɗun da sauran kwaɓin, ta sake murzawa, ta fara gutsura tana juyawa tsakanin tafukanta. Ko kallon hannun ba ta yi, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, girmansu ɗaya, ba tsaga, ba shaidar yatsa. Ta tambayi nawa ake so, yarinya ta ce goma sha biyar. Da ta kai rabi sai ta ɗago kai.

"Ko akwai wata dabara da ake yi masa, ya binti? Kada in ɓata wa mutane abinsu."

"Babu, Gwaggo," na ce. "Haka ake yi."

Ba mantuwa na yi ba, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ina sane. So nake in ga ko akwai abin da zai motsa fuskar mutumin nan kafin in bar masa gidansa. Ko a lokacin ban ji gabana ya faɗi ba, ban ji daɗi ba, ban ji komai ba. Na tashi na ɗora ruwa, na zuba su, na jira suka taso sama, na tsame su cikin ruwan sanyi. Ni na jera su da hannuna yadda ake yi, tara a ƙasa, huɗu a kai, biyu a can sama. Gwaggo ta rufe da faifanta.

Bayan Magariba muka hau. Shi ya ɗauki tabarma da kwalbar ciyawa, Gwaggo ta ɗauki faranti, ni na bi a baya ina dafa bango, hawa ɗaya hutu ɗaya. Iskar ranar irin mai danshin nan ce ta bakin teku, kana fitowa riga ta manne maka. Injinan sanyaya ɗaki na dukan unguwar suna ta gurnani. Yarinya tana sanye da rigar auduga ta Japan mai faɗin hannu da mahaifiyarsa ta aiko mata, ta riga ta yi mata kaɗan, ƙwaurinta a waje. Watan ya fito ta bayan wani dogon bene, ƙato, jajajir, sai daga baya ya fara fari. Yarinya ta yi ta tsalle tana nuna wa Gwaggo kunnuwan zomo, Gwaggo ta ce ita dai tabo take gani, amma idonta ba na da ba ne.

Ya shimfiɗa tabarma, ya gyara ciyawar ta fuskanci gabas, ya buɗe dankali yana tururi. Sannan ya ɗaga faifan.

Ina kallonsa. Abin da na hau benen nan in gani ke nan. Fuskar ba ta motsa ba, ko gira. Ya dai tsaya da faifai a hannu, ya daɗe, har yarinya ta ja masa wando. Sai ya zauna, ba a kan tabarma ba, a kan siminti, wanda har lokacin bai huce daga zafin rana ba.

"Lafiya, ɗan nan?" in ji Gwaggo. "Ko bai yi ba ne?"

"Ya yi, Gwaggo. Ya yi kyau sosai. Na gode."

Yarinya ta ɗauki na can sama ta gatsa, ta yatsine fuska, ta ce ina zuma. Gwaggo ma ta ɗauki ɗaya ta tauna.

"Lami! Ba gishiri, ba yaji, ba nono, a haka kuke ci duk shekara?" Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ɗan jima tana kallona. Sai ta yunƙura ta miƙe. "Yalla, 'yar nan, zo mu sauka mu ɗauko zuma da nono, mu mayar da abin nan abinci."

Suka sauka. Muna jin takun Gwaggo a matakala, tana ja da gangan.

"Gwaggo ba ta sani ba," ya ce.

"Ba ta sani ba."

"Ke kin sani."

"Na sani. Ta tambaye ni, na ce mata haka ake yi."

Na jira ya yi fushi. Da ya yi, da na ji sanyi, da ma na shirya abin da zan mayar masa. Sai kawai ya gyaɗa kai kamar na faɗa masa ƙarfe nawa. Ya ajiye faifan, ya fara magana yana kallon farantin, muryarsa irin ta mai karanta takardar kaya.

Ya ce da aka miƙa masa yaron a likkafani, rashin nauyinsa ya sa ya yi ta taɓawa a mota don ya tabbatar yana ciki. Ya ce an yi masa salla a masallacin da ke jikin maƙabarta, sahu uku, mutanen da bai taɓa gani ba. Ɗan Gwaggo ya ce masa uba ne ke shiga kabarin, ya shiga. Ya kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, amma kan ya ƙi tsayawa, in ya saki sai ya koma baya. Sau uku. Wani tsoho da ke sama ya kwaɓa ƙasa da ruwa ya miƙo masa, ya ce ya cura guda uku, ɗaya ƙarƙashin kunci, ɗaya ƙarƙashin haɓa, ɗaya bayan kafaɗa.

"Na cura su da hannuna," ya ce. "Ban danna ba. Sai da na fito na lura. Ɗazu da na ɗauki na biyar, hannuna ya koma can."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kina ciwo. A gidanmu ba a ɗora wa mara lafiya kaya. Na ce duk ranar da kika tambaya zan faɗa."

"Mu kuma uwa ba ta buɗe baki ta tambayi ɗanta. Kawaici take yi, sai a zo a gaya mata."

"Ban sani ba," ya ce.

Shekara bakwai muna tare, na koya masa cin tuwo da hannu, na koya masa durƙusa wa babana, ban koya masa wannan ba. Ina zan san za a buƙata?

Da ina so in ce a nan kuka ya zo mini, amma bai zo ba. Kunya ce ta zo, ita ce abu na farko da na ji a jikina cikin wata biyu, kuma ba ta da daɗi. Na miƙa hannu na ɗauki curi ɗaya na danna shi da babban yatsa, da ƙarfi. Ina ɗaga yatsan ya koma yadda yake. In ya riga ya dahu ba ya dannuwa. Ya karɓa daga hannuna ya ci, ni ma na ɗauki wani na ci. Gaskiyar Gwaggo, lami ne.

Suka dawo da zuma da kwanon nono da ludayi. Gwaggo ta farfasa sauran a cikin nono ta dama, yarinya ta sha har tana lashe ludayi, ta ce na bana ya fi na bara. Aka kira Isha'i muka naɗe tabarma.

Washegari Juma'a, bayan La'asar, muka bar yarinya wurin Gwaggo. Ban ce masa ga inda zai kai ni ba, bai tambaya ba. Ashe duk Juma'ar da yake cewa zai leƙa tashar jiragen ruwa bayan masallaci, nan yake zuwa. Maƙabartar tana da dogon bango, ya fi tsayin mutum biyu. Bai tsaya a ƙofa ba, ya zagaya ta wani ƙaramin titi, ya ajiye mota gaban shagon masu faci da ke rufe. Muka taka a jikin bangon, yana ƙirga fitilun titi da leɓensa. A ta huɗu ya tsaya, ya ƙara taku biyu.

"Nan ne. Daga bangon nan taku tara ne zuwa wurinsa."

Ya ce a ciki babu suna, babu allo, duwatsu ne kawai iri ɗaya. Shi ya sa ya auna daga ciki, ya fito ya auna daga waje, ya sake komawa ya tabbatar, ko da wata rana zan tambaya.

Na tsaya. Bango ne dai, fenti ya fara ɓarewa, wani ya manna takardar neman mai haya. Na ɗora tafin hannuna, da zafi. Na yi sallama, na karanta Ƙulhuwallahu, na rasa abin da zan ƙara. Motar ruwa ta wuce ta bayanmu, ɗinkina yana ƙaiƙayi, gumi yana gangarowa cikin abayata. Ban ji wani abu ya buɗe a ƙirjina ba. Na dai san inda yake, jiya kuwa ban sani ba.

Da muka koma mota ya kunna sanyi, bai ja ba. Ya fito da wayarsa, ya buɗe wurin da ake yin biza, ya miƙo mini.

"Hannuna ba zai iya ba. Ki zaɓa da kanki."

Sunaye biyu ne a ƙarƙashin nasa, nawa da na yarinya. Yaron bai kai ga shiga jerin ba. Na danna duka biyun. Ga zaɓin nan a jere, ɗaya a kan ɗaya, na daɗe ina kallonsu. Ba don na huce ba ne, kuma ba don na tabbata za mu koma yadda muke ba. Kawai dai ba zan iya barin su biyu a garin nan ba, ɗaya a cikin bango, ɗaya a waje yana ƙirga fitilu. Na danna ta fita da dawowa. Ta tambayi kwana nawa, na rubuta talatin, na mayar masa.

Ya duba. Ya kife wayar a cinyarsa, ya kifa goshinsa a kan sitiyari, sai a lokacin ya yi kukan, da ƙarfi, kafaɗunsa na rawa, ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Nawa bai zo ba ranar. Na dai ɗora hannuna a ƙeyarsa, na bar shi a nan har aka kira Magariba.